Tsagar Wani Hannu

"Ke, kin ji saƙon muryar nan da ake ta turawa?"

"Wanne daga ciki? Wayata ta cika da tallar sabulu da gaisuwar safiya."

"Na mai kitson nan ta ƙarƙashin bene. Wadda take cewa yatsunta sun dawo kamar na budurwa."

"Au, ita ce? Na ce muryar nan na san ta. Ai saboda ita na saya wa tsohuwata kwalba."

"To ki je ki duba kan 'yar malamar makarantar nan, ki dawo ki ba ni labari."

"Me ya samu kan?"

"Ni dai ban ce komai ba. Direba, akwai sauka a mahaɗa."

A motar haya aka yi wannan hira da yamma. Matan biyu ba su waiwaya ba, balle su ga cewa wadda ke zaune a bayansu autar mai kitson ce, tana dawowa daga gidan burodin da take aiki. Auta ta wuce inda ta saba sauka ba ta sani ba, sai da direba ya ce ƙarshen hanya ke nan.

Uwarta ita ce wadda kowa ke kira Goggo Mai Kitso, har waɗanda suka girme ta. Wurin sana'arta ba za a kira shi shago ba sai don kara. Wani lungu ne ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran waya da mai guga, inda doguwar mace sai ta sunkuya kafin ta shiga. Akwai benci ɗaya, da madubi mai tsaga a kusurwa, da fanka mai juya kai kamar tana ƙin abin da ake faɗa, da wata 'yar kujerar katako wadda zaman shekaru ya yi wa rami daidai jikin mai ita. Wadda ake yi wa kitso a tabarma take zama, tsakanin gwiwoyin Goggo.

Ba wanda ya zaunar da ita ya koya mata. Kawunan ƙannenta ta yi ta ɓatawa tun tana yarinya har ta fara gyarawa. Da kibiya da mataji ta riƙe gida lokacin da aka sallami maigidanta daga aikin gadi, da su ta yi wa manyan 'ya'yanta kayan ɗaki. Masu kitso sun yi yawa a unguwar, wasu ma sun fi ta sanin sabon yayi. Abin da ba su da shi hannunta ne. Hannun Goggo ba ya zafi. Yarinyar da sai mutum biyu sun riƙe ta kafin a taɓa mata kai, in ta zo wurinta sai dai uwar ta ɗauke ta tana barci, yawu ya jiƙa zanen Goggo.

In aka tambaye ta sirrin sai ta ce, "Ido tsaga kawai yake yi. Sauran aikin na kan yatsa ne. Shi ke jin lokacin da fata ta ce ya isa." Shi ya sa ba ta cika kallon kan da take kitsawa ba. Idonta na kan titi, tana tsokanar mai guga, yatsun suna nasu aikin.

Kuma mace in ta ba ki kanta, ta ba ki cikinta. A tabarmar nan an faɗi abin da ba a faɗa wa miji, ba a faɗa wa uwa. Ba a taɓa jin maganar da ta shiga lungun ta fito ba. Don haka in Goggo ta ce man kaza yana da kyau, kafin sati mai sayar da shi ya rasa na sayarwa.

Aminiyarta tun suna 'yan mata a layi ɗaya suka tashi. Da sunan Ƙawalliya suke kiran juna, amma unguwa Manaja take ce wa aminiyar, tun ranar da ta dawo daga wani taro da kati rataye a wuya. Mace ce mai zafin nema. Ta sayar da turare, ta sayar da zanen gado, ta sayar da kwanukan da ba sa tsatsa har suka yi tsatsa. Ba kuma za a ce ba ta da kirki ba. Ita ce ta riƙe hannun Goggo a ɗakin haihuwa lokacin da Auta ta zo a karkace, ita ce ta yi ta jigilar abinci asibiti da maigidan ya kwanta. Tun da suke, ba hannun da ya taɓa kan Manaja sai na Goggo, kuma Goggo ba ta taɓa yarda ta karɓi komai a kai ba.

"Kan nan nawa ne," takan ce mata. "Ke ajiya kawai na ba ki."

Ciwon ya fara ne a hankali, daga hannun dama. Babban yatsa, da manuni, da na tsakiya. In ta tashi da safe sai ta ji sun sage, kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata, sai ta yarfe hannun ta murza kafin su dawo. Wani lokaci kibiya ta suɓuce mata. Ba ta gaya wa kowa ba sai Manaja, wata rana tana tsefe mata kai.

"Kai, Ƙawalliya, kin yi mini laifi," in ji Manaja. "Rijiya a gidanki kina kwana da ƙishirwa? Jijiya ce ke jin yunwa. Abincinta za a ba ta."

"Ni fa asibiti nake tunani."

"Ki je su yanka miki hannu? Wannan ba magani ba ne ma, ƙarin abinci ne. Bitamin ne zalla. Ko jariri ya sha ba abin da zai same shi."

Washegari ta kawo farar kwalbar ƙwayoyi mai hoton hannu yana riƙe da fure. Ta kuma roƙi ɗan wuri a kan katakon da ke ƙarƙashin madubi, ta jera wasu kwalaben kusa da man kitso. Goggo ta ture matajanta gefe ta ba ta wuri. Wa za ta hana?

A makonnin farko Goggo ta ji kamar da dama-dama. Ko ƙwayar ce, ko kuwa don lokacin an yi hutun makaranta aiki ya ragu hannun ya sarara, Allah masani. A cikin waɗannan kwanaki ne Manaja ta shigo da waya a hannu.

"Shugabarmu ta kamfanin ƙwayar ce take son jin godiya daga bakin masu sha. Ita kaɗai za ta ji. Ki ɗan yi magana."

"Me zan ce? In ce da sauƙi?"

"Da sauƙi ai ko wanda ake shirin yi wa wanka haka ake cewa. Ki sa gishiri mana. Ki ce, ni ce mai kitso ta ƙarƙashin bene, yatsuna sun dawo kamar na budurwa."

"Budurwa? Da wannan furfurar?"

Suka yi ta dariya har mai guga ya leƙo. Goggo ta faɗa, ta sake faɗa, dariya na katse ta, har aka samu wanda ya fita. Ta manta da zancen kafin la'asar.

Da aka koma makaranta, kawuna suka dawo, ciwo ma ya dawo. Manaja ta ce ƙwaya ɗaya ta yi kaɗan ga mai aikin hannu, ta riƙa shan biyu safe da yamma. Ta ƙaro mata wani gari da ake damawa a ruwa, daga baya kuma wani ruwa mai zaƙi a baƙar kwalba. Maigidan in ya ji jakarta tana ƙara daga ƙofa sai ya ce, "Ga kemis ɗin gidanmu ya taso." Ita ma takan yi dariya.

Amma kiyashin bai tsaya a yatsu uku ba. Ya haye hannun hagu. Ya sauka tafin ƙafa, inda bai taɓa zuwa ba. Takan ji kamar ta sa safa alhali ƙafarta tsirara take. Ranar da takalminta ya cire a bakin titi ta yi tafiya ba ta sani ba, sai da mai gyaran waya ya biyo ta da shi, ta tari Manaja da maganar.

"Alhamdu lillahi," in ji Manaja. "Abin da muke jira ke nan. Ciwon ne ke neman hanyar fita. Daga hannu ya gudu ƙafa, daga ƙafa sai ƙasa. In kika daina yanzu ya komo da ƙarfinsa."

Ranar ma kitso take yi mata. Goggo ta kama gashin ƙeya, sai ta ji kafaɗar Manaja ta zabura a gwiwarta.

"Na ja ne?"

"Ina fa. Sauro ne ya samu ƙafata."

Wannan ne kitso na ƙarshe da ta yi mata. Bayan nan in Goggo ta ce, "Ƙawalliya, kawo mini ajiyata," sai Manaja ta ce tana hutar da kan ne, an ce musu a taro gashi ma yana son shan iska. Ta koma ɗaura ɗankwali har goshi. Goggo ba ta kawo komai a ranta ba.

Ta lura dai yara sun daina barci a cinyarta. Ta ce yaran yanzu ne, waya ta ɓata su. Ta lura wasu tsofaffin masu zuwa sun ɗauke ƙafa, ta ce zamani ne, kowa na son sabon yayi. Manya sukan cije su yi shiru, su gode, su tafi, don ba mai iya kallon idon Goggo ta ce mata hannunki ya yi zafi. Ita kuwa a kan yatsunta ba ta jin komai ya canza, tun da ba ta jin komai. Don kada gashi ya kuɓuce mata sai ta riƙa ƙara damƙa.

Sai ranar da malamar makaranta ta dawo da 'yarta. Yarinyar ta yi kuka sosai ranar kitson, har Goggo ta ce mata, "Ke da nake goyo, yau ni kike wa rashin kunya?" Malama ba ta zo da faɗa ba. Ta jira har benci ya zama ba kowa, ta zame hular yarinyar, ta juyo da ita wajen haske. Ƙuraje sun jeru a bakin goshi bisa kowane layi, wasu sun yi ruwa. Gashin gefen kunne ya tafi, fatar ta yi sul.

"Goggo, ba ƙara na kawo ba," in ji Malama. "Ke kika yi mini kitson aure. Na ga dai gara ki gani da idonki."

Goggo ta miƙa hannu za ta shafa kan, yarinyar ta noƙe ta ɓuya bayan uwarta.

A wannan makon ne Auta ta ji hirar motar haya. Ta sauka a ƙarshen hanya, ta roƙi wata abokiyar aikinta ta turo mata saƙon, ta tako da ƙafa har lungun bene. Ta tarar da uwar ita kaɗai, hannuwa a cinya, fanka na ta girgiza kai. Ta ajiye wayar a benci ta kunna.

Aka fara da kiɗa mai taushi. Sai muryar Goggo, tsaf, ba dariya ko ɗaya a ciki, an yanke ta. Ni ce mai kitso ta ƙarƙashin bene, yatsuna sun dawo kamar na budurwa. Sai muryar Manaja ta biyo baya tana cewa duk mai jin zugi ko kiyashi a hannu da ƙafa ya neme ta.

"Sake kunnawa," in ji Goggo.

Auta ta sake.

"Ai ce mini ta yi shugabarsu kaɗai za ta ji."

"Inna, shugabar tasu ke nan duk gari. Har a mota ana zancenki."

"Wataƙila shugabar ce ta watsa."

"Da muryar Manaja a ƙarshe? Tashi mu je gida. Gobe na ɗauki hutu, asibiti za mu, kuma da jakar nan taki za mu tafi, ko murfi kada ki bari."

Likitar mace ce mai ƙaramar murya. Ta sa Goggo ta rufe ido, ta riƙa taɓa mata yatsu da auduga tana tambaya, ta koma tafin ƙafa. Goggo tana ta jiran a fara, ashe an gama. Aka auna sukari, aka ce ba shi ba ne. Aka ɗebi jini. Sannan likitar ta zazzage jakar a tebur, ta jera farar kwalba da gwangwanin gari da baƙar kwalba, ta juya bayansu tana karanta ƙananan rubutun da Goggo ba ta taɓa kulawa da su ba.

"Mama, duka ukun kike sha?"

"Duka. Safe da yamma."

"Tun yaushe?"

"An kusa zagayowar shekara."

Likitar ta ɗora yatsa a kan kowanne. "Kin ga nan, da nan, da nan. Abu ɗaya ne a cikinsu, bitamin B6. Jiki na son sa, amma kaɗan, kuma yawanci na cikin abinci ya isa. In ya yi yawa aka daɗe ana sha, jijiyar da aka ce zai gyara ita yake ci. Ke kuwa ƙofa uku kika buɗe masa."

"An ce mini ko jariri ya sha ba komai."

"An faɗa miki ba daidai ba."

"To ciwon farko fa? Ai kafin in fara sha ina jin sa."

"Wancan da alama jijiyar wuyan hannu ce ta matse saboda aiki. Da kin zo lokacin, da hutu da ɗan abin ɗaure hannu muka fara. Wannan na ƙafa da ɗaya hannun, ina kyautata zaton daga baya aka saya miki shi. Gwajin jini zai ƙara nuna mana."

Goggo ta daɗe tana kallon hannuwanta. "Likita, ni da yatsa nake gani. Zai dawo?"

"Ki daina duka daga yau. Mutane da yawa in sun daina sukan samu sauƙi, amma jijiya ba ta gaggawa, kuma wani lokaci ba duka ke dawowa ba. Ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

A hanyar gida Auta ta yi ta zuba, uwar ta bar ta har ta gaji. Sannan ta ce, "Ki sassauta. Matar nan ita ta fara ɗaukar ki kafin ni. Ba ta karanta ƙaramin rubutu, kamar yadda ban karanta ba. Abin da aka gaya mata a taro shi ta gaya mini. Ita ma yaudarar ta aka yi."

"Muryar fa?"

"Muryar ta yi kuskure. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa."

Da wannan ta riƙe zuciyarta. Ta daina shan komai. Ta ɗaure wuyan hannu kamar yadda aka ce. Ba ta rufe lungun ba, don ta ce in ta zauna a gida bango zai cinye ta, amma ta daina karɓar kai. Takan share wurin, ta kunna fanka, ta zauna a kujerarta. Mata biyu uku sukan zo hira, Malama ma takan biyo in an tashi daga makaranta, don kada a ce ta yi fushi. Kwalaben Manaja kuwa Goggo ta juya musu fuska zuwa bango, ta aika mata ta zo ta kwashe kayanta, akwai magana.

Manaja ta zo ran Asabar da hantsi, da ƙamshinta da katinta a wuya. Malama na kan benci, da wata mai jego, Auta kuma na tsaye a bakin ƙofa. Goggo ta ba ta labarin asibiti daga farko har ƙarshe, a hankali, kamar mai lallashi, don tana jin tausayin yadda abin zai dake ta.

"Likitoci ke nan," in ji Manaja. "Ba sa son a warke a waje. Amma tun da haka kika zaɓa, Ƙawalliya, ba na ja da ke."

Ta sunkuya ƙarƙashin madubi tana tura kwalabe a jaka. Rufin lungun gajere ne, kowa ya sani, ita ma ta sani, amma da ta ɗago sai kanta ya gogi gefen matakala. Ɗankwalin ya zame ya faɗo kafaɗa.

Sabon kitso ne a kan, ƙanana, yana ƙyalli da mai.

Manaja ta kai hannu da sauri, amma Goggo ta riga ta gani. Ido tsaga yake yi, kuma idonta lafiya lau yake. Tsagar ta karkata hagu tun daga goshi. Hannun wata bahaguwar mai kitso ce ta bakin kasuwa, ba wata ba. Ba wannan ne ya dame ta ba. Gashi yana da sabo. Hannun da ya daɗe yana tsaga shi, ta wajensa yake kwanciya, ko an tsefe ana ganin hanyar. Shekara da shekaru gashin Manaja yana kwance ta inda Goggo ta koya masa. Yanzu ya juya. Ba ko alamar tsohuwar hanya. Kitso ɗaya ba ya yin haka, biyu ma ba sa yi.

"Bar shi," in ji Goggo. "Kada ki rufe. Ya yi kyau."

"Ƙawalliya, biki ne ya taso mini, na ga ba ki da lafiya..."

"Kan da ke shan iska ke nan."

Mai jego ta gyara wa jaririnta zani ba tare da ya buɗe ba.

"Ranar da kika ce sauro ya cije ki," in ji Goggo, "ba sauro ba ne."

Manaja ta sauke hannu daga ɗankwalin.

"Kin ji hannuna ya lalace. A ƙeyarki kika ji, kafin kowa. Kika ɗauke kanki kika kai inda ba za a ji masa ciwo ba. Madalla, kanki ne, ashe ba ajiya ba ne. Amma a ranar, kina zaune nan tsakanin gwiwoyina, kika ce mini alhamdu lillahi ciwo na fita. Kika bar mini kawunan 'ya'yan mutane."

"Ni ban san ƙwayar ce ke yi ba. Wallahi ban sani ba."

"Na yarda. Ba ki san ƙwayar ce ba. Har jiya ina kare ki a kan wannan, tambayi 'yarki Auta ga ta nan. Amma kin san ban warke ba. Wannan kin sani ko ba ki sani ba?"

Manaja ta kalli Auta, ta kalli Malama, ta dawo da ido kan jakarta. "To da me zan ce? Mutane sun riga sun saya saboda muryarki. In na ce ki daina, in kika je asibiti, magana ta fita, ni ina zan sa kaina? Ana gab da ƙara mini matsayi a lokacin. Na ce bari a ɗan jima, wataƙila ya yi miki aiki."

"Wataƙila."

"Ba da mugunta na yi ba, Ƙawalliya. Ke ma kin san ni."

"Da na ce na san ki. Goge muryata."

"Zan goge ta wayata yanzu a gabanki. Amma ta riga ta tafi. Tana wayar mutanen da ban taɓa gani ba. Abin da ya shiga iska ba a kamo shi."

Goggo ta gyaɗa kai. Ta tuna tsohuwar da Auta ta ce an saya wa kwalba saboda ita, wadda ba ta san ko a wane ɗaki take zaune tana haɗiya safe da yamma ba. Ta fara kwance abin da ke ɗaure a wuyan hannunta. Yatsun ba su iya kama bakin maɗaurin ba, sai da ta sa haƙori. Auta ta matso za ta taimaka, Goggo ta girgiza mata kai alamar a'a. Ta ajiye shi a benci. Ta laluba cikin gwangwanin mataji ta ɗauko kibiya, ta faɗi, ta sake ɗauka, ta damƙe ta da dukan tafin hannu kamar yadda yaro ke riƙe cokali.

Sannan ta gyara zama a 'yar kujerarta, ta jawo tabarma da ƙafa, ta buɗe gwiwoyinta.

"Tun da ba a kamo waccan, sai mu aika wata ta bi ta. Ajiye jakar, Ƙawalliya. Zo ki zauna nan inda kika saba, ki ba ni kanki. Ki kunna ɗaukar murya a wayar ki ajiye a cinyarki, kada ki yanke komai. In na kama ƙeyar, don Allah ki faɗa wa mutanenki abin da kika ji."